Ledar da Ke Gadin Abinci

Duk wanda ya taɓa sayen awara da zafinta aka ƙulle masa a farar leda ya san abin da ke biyo baya. Kafin ya isa gida ledar ta yi gumi ta ciki, awarar da aka tsamo daga mai tana ƙaras-ƙaras ta saki jiki ta yi laushi. In kuwa aka manta da ita a aljihun babur har washegari, hanci ne zai fara ba da labari. Ledar ba ta yi laifin komai ba, iyakar abin da ta iya ke nan: ta hana ruwan waje shiga, ta hana na ciki fita. Abin da ke gudana a cikin ɗakin da ta rufe kuwa ba ruwanta. Kamar maigadi ne da aka ce ya tsare ƙofa, ya kafa bencinsa ya tsare ta tsakani da Allah, alhali ɓarawo tun da rana yana kwance a ƙarƙashin gado.

Ɓarawon nan shi ne ƙwayoyin cuta, su bakteriya da funfuna, waɗanda ke shiga tare da abincin tun daga hannun mai sayarwa, ko wuƙa, ko faranti. In suka sami ɗumi da danshi, wasu daga cikinsu kan rabu biyu duk bayan kamar minti 20. Ɗaya ta zama biyu, biyu su zama huɗu, kafin a yi awa bakwai ɗayar nan ta haura miliyan biyu. Babu ɗan kasuwar da jarinsa ke ninkuwa haka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙiyasi a 2015 cewa mutum kusan miliyan 600 ne ke kwanciya ciwo kowace shekara saboda gurɓataccen abinci, wajen 420,000 kuma su rasu, nauyin ya fi sauka a kan Afirka da ƙananan yara. Shi ya sa masu bincike a Sin da Jafan da Indiya da Birazil da ƙasashen Turai suka duƙufa neman ledar da za ta tsare ƙofa, ta kuma leƙa ƙarƙashin gado. Wasu ma sun ƙara mata aiki na uku, wai in ta gama ta ruɓe a ƙasa kamar ganyen alale, kada ta toshe kwata ko ta kwanta a tumbin akuya.

A baki abin da sauƙi. A ɗakin gwaje-gwaje kuwa waɗannan ayyuka kishiyoyin juna ne, in ka faranta wa ɗaya sai ɗayar ta haɗa kayanta.

Rigimar leda da ruwa tsohuwa ce. Ana ba da labarin wani masanin sinadarai ɗan Suwizalan, Jacques Brandenberger, da ya ga abin sha ya zube a kan mayafin tebur a gidan cin abinci, sai ya ƙudurta yin yadin da ruwa ba ya kamawa. Ya shafa wa yadi wani ruwan da aka narkar daga itace, yadin ya sandare ya ƙi amfanuwa, amma abin da ya shafa ɗin ya ɓantaro fallen guda garai-garai kamar gilashi. Zuwa 1912 ya ƙera injin yin sa, aka sa masa suna selofen. To, selofen na farko halin randa gare shi. Randa tana riƙe ruwa, ba ya zuba, amma taɓa gindinta ka ji sanyi da laima, domin ruwan yana tsattsafowa ta ƙofofin da ido ba ya gani. Haka selofen, ruwa ba ya ratsa shi amma tururi na wucewa abinsa, biskit ya yi sanyi, burodi ya bushe. Sai a 1927 wani ma'aikacin kamfanin DuPont a Amurka, William Hale Charch, ya gano shafen da ya toshe wa tururin hanya. Ledar da muka sani yau kuwa, wadda ake yi daga man fetur da iskar gas, a 1933 aka yi tuntuɓe da ita a kamfanin ICI na Ingila, lokacin da wasu masana biyu suka buɗe tukunyar gwajinsu suka tarar da wani farin abu kamar kaki ya manne a ciki. Ita wannan ba ta san ruwa ba ko kaɗan. Saboda haka ne ta ci kasuwa, saboda haka ne kuma ta ƙi mutuwa.

Masu neman ledar da za ta ruɓe sai suka koma gona da kicin. Kin san fatar nan, uwargida, da ke bushewa a gefen tukunya bayan an yi talge, wadda ake ɓantarowa shara-shara har ana hango yatsa ta cikinta? Wallahi leda ce, ba ƙari. Kusan haka ake yin ta a ɗakin gwaji. A dama sitacin rogo ko na masara da ruwa, a ɗora a wuta ana juyawa har ya yi kauri ya koma garai kamar kokon da bai ji gasara da yawa ba. A ɗiga masa ɗan giliserin don kada ya karye in ya bushe, kamar yadda ake shafa wa takalmin fata mai. Sai a zuba a faffaɗan faranti, a baza shi ko'ina daidai, a bar shi ya kwana ɗaya ko biyu. In ya bushe a sa farce a gefe a ɗago, sai ga falle yana tasowa yana sheƙi. Mutum ya riƙe shi a haske ya ji kamar ya gama da matsalar duniya. Ɗiga masa ruwa ka gani. Nan take wurin zai kumbura ya yi yauƙi, ya tuna asalinsa ya koma koko. Giliserin ɗin ma da aka sa don taushi, shi kansa mai jawo laima ne daga iska.

Akwai wani abin da masu binciken suka fi ƙauna fiye da sitaci, sunansa kitosan. Daga ɓawon jatan lande da na ƙaguwa ake samo shi, tarkacen da masana'antun kifi ke zubarwa tuli-tuli. Irin sinadarin da ke sa ƙafar fara ƙaras a baki ne ake sarrafawa, kuma tun 1859 wani Bafaranshe mai suna Charles Rouget ya gano yadda ake yi. Abin da ya sa ake son sa shi ne yana zuwa da sandarsa. In ya ji ɗan tsami, jikinsa na ɗaukar wani irin caji na lantarki, bangon bakteriya kuma yana ɗauke da kishiyar wannan caji, sai su manne kamar ƙusa da maganaɗisu. Bayanin da ya fi rinjaye wurin masana shi ne in ya manne sai ya sa bangon ya fara yoyo, ƙwayar ta tsiyaye kamar salkar da ƙaya ta huda. Ga shi yana ruɓewa a ƙasa, ga shi yana kisa. Sai dai shi ma ɗan gidan su sitaci ne wajen son ruwa, a nannaɗe ɗanyen nama da shi ya jiƙe ya saki.

Nan ne sana'ar haɗi ta shigo, kuma ni a ganina duk wanda ya taɓa tsayawa a majema ya riga ya fahimci rabin ilimin. Ɗanyar fata in ta jiƙe ruɓewa take yi, in ta bushe ta ƙandare kamar allo. Majemi zai daka bagaruwa ya jiƙa, ya tsoma fatar ya yi ta cuɗawa yana juyawa, ta kwana ta wuni a ciki. Abin da ke faruwa a cikin kwatarniyar nan shi ne, fata tarin zarurruka ce da ke kwance kusa da juna, ruwa na shiga tsakaninsu yadda ya ga dama. Sinadarin nan mai bauri da ke cikin bagaruwa sai ya bi ya kama wannan zare da hannu ɗaya, ya kama wancan da ɗaya hannun, ya ɗaure su. In aka ɗaure ko'ina, ruwa ya zo ya rasa wurin zama, ƙwayoyin ruɓa su rasa ta inda za su fara. Ta haka fatar jar akuyar Sakkwato ke zama jakar da jika zai gada. Leda ma tarin dogayen zarurruka ce, masana na ce musu folima, sai ka ce taliyar da aka juye a faranti, kowane sili yana zamewa a kan ɗan'uwansa. Masu binciken kan zuba irin wannan sinadari na bagaruwa a cikin kitosan ko a cikin yauƙin da ake samu daga ƙashi da fata, ko su sa tsamin lemun tsami a cikin sitaci su ɗan gasa, duk don a ɗaure silin nan da juna. Taliya ta koma taru. Amma majemi ya san jima tana da iyaka, haka nan ma in ɗaurin ya yi yawa ledar sai ta ƙage, ka lanƙwasa ta ta tsage kamar busasshen ganye.

Magini ma yana da nasa rabon. Ba ya yin tubali da ƙasa zalla, sai ya tattaka ta da ciyawa don ta riƙe juna, in ya gama ya bi bango da makuba saboda damina. Masu leda kan barbaɗa wani irin yumɓu da ya ci sunan garin Montmorillon na Faransa, wanda ke rarrabuwa falle-falle, kowane falle sirantarsa ta wuce a kwatanta da gashi. Injiniyoyin Toyota ne suka fara nuna amfaninsa a cikin roba a ƙarshen shekarun 1980, su kuwa kayan mota suke nema, daga baya masu abinci suka ara. Kaɗan ake sawa, abin da bai wuce kashi biyar cikin ɗari ba. Fallayen nan sai su kwanta a cikin ledar kamar katangu, tururin da ya zo wucewa ya tarar babu miƙaƙƙiyar hanya. Baƙo ne aka sauke a lungunan cikin birnin Kano da daddare, ya sha wannan kwana ya ci karo da bango, ya koma ya sha waccan. Zai fita daga ƙarshe, amma sai ya ɓata lokaci, lokacin nan kuwa shi ake saye. In aka cika yumɓun ko ba a dama shi da kyau ba sai ya yi gudaji irin na tuwon amarya, kowane gudaji kuma wurin yagewa ne.

Wasu kan bi ta sama kawai, su shafa kakin zuma ko kakin ganyen wata bishiyar Birazil mai kama da giginya. Dubi ganyen gwaza da safe, raɓa na tsaye a kansa ƙwallo-ƙwallo, ka karkata shi ta gangare ta bar shi a bushe. Da irin wannan ma ake auna ledar: a ɗiga mata ruwa a ɗauki hoto ta gefe. In ɗigon ya baje kamar sinasir, ta faɗi jarrabawa. In ya tsaya dunƙule kamar curin fura, ta ci. Wasu kuma kan jera falle a kan falle, kowanne da aikinsa, kamar kwalin madara ko na lemo da ake haɗa takarda da leda da fallen alminiyam, ko buhun nan mai riɓi uku da manoman wake suka sani, leda biyu a ciki buhu a waje.

To, an hana ruwa. Saura makamin maigadi. Azurfa ce ta fi suna, domin in ta ji danshi takan saki wasu 'yan mitsi-mitsin ɓurɓushinta da ke shiga bakteriya su dagula mata numfashi. Tun shekarun 1980 kamfanoni a Jafan ke cusa ta a cikin roba. Akwai farin sinadarin tutiya, shi ne dai ke cikin farin man da ake shafa wa jariri in famfas ya ci masa jiki. Akwai man kanumfari da na kirfa, wanda duk mai ciwon haƙorin da ya taɓa danna kanumfari a kogo ya san ba wasa ba ne. Akwai nisin, wani dafi da bakteriyar nono ke yi don ta kashe abokan gabarta, an san da shi tun 1928. Jafanawa ma har wani ɗan falle suke ɗorawa a kan abincin da ake sayarwa a akwati, mai fitar da tururin yajinsu na wasabi. Shi wannan ba sai ya taɓa abincin ba, aikin turaren wuta yake yi, a kunna a lungu ɗaya ya game ɗaki.

Mai karatu zai ce, me ya hana a zuba maganin a cikin abincin a huta? Dalilin shi ne yawancin ɓarna daga sama take farawa. Nama ko cuku ko kifin da aka dafa cikinsa lafiya lau yake, wurin yanka da ƙunshewa ne ƙwaya ke sauka a bayansa. A Afirka ta Kudu tsakanin 2017 da 2018, wata bakteriya mai suna Listeriya ta bi wani dafaffen nama na cikin leda da ake yankawa a sa a burodi, ta kama mutum fiye da dubu, ta kashe fiye da 200. Muguntar Listeriya ita ce firji ba ya hana ta haihuwa. Idan maganin yana jikin ledar, yana nan daidai inda ɓarawon ke sauka, kuma ɗan kaɗan ya isa. Misalin da ya fi kusa shi ne gidan sauro mai magani. Akwai irin da tun wurin narka zaren ake cuɗa maganin a ciki, ya riƙa fitowa saman zaren sannu a hankali shekara da shekaru, in an wanke na sama wani ya taso daga ciki.

Sai dai daidai nan kishiyoyin suke haɗuwa a tsakar gida. Azurfa da nisin da kitosan duk sai da danshi suke motsi, ruwa ne jakin da ke ɗauko su daga cikin ledar ya kai su wurin abokin gaba. Kai kuma ka ɓata dare da rana kana ɗaure zare, kana gina katangun yumɓu, kana shafa kaki, duk don ka kori ruwa. In ka yi nasara sosai, ka kulle maigadi a ɗakinsa da sandarsa, ɓarawo na wucewa ta gaban taga yana ɗaga masa hannu. In ka sassauta, maganin ya kwarare gaba ɗaya a kwana biyun farko, ledar ta jiƙe, sauran kwanakin babu mai gadi. Man kanumfari kuma nasa halin daban, shi gudu yake yi. Ana narka ledar kamfani a zafin da ya ninka na tafasar ruwa, kafin ta fito daga inji rabin man ya bi iska. Shi ya sa ake ɓoye shi a cikin wasu 'yan ƙananan kwansuna, kamar alewa mai ruwa a ciki. In kuma aka sa da yawa, kifi ya fito yana ƙamshin shayin mai shayi. Duk tarin rubuce-rubucen da ake fitarwa a kan wannan fanni, in ka tace su, cinikin nan ne ake ta yi, a rage nan a ƙara can, kamar mai awo da mai saye a kan bakin mudu.

Ni abin da ya fi sa ni ɗaga gira shi ne yadda ake gwajin. A shuka bakteriya a ɗan faranti mai abinci kamar kunun kanti, a yanko ledar kamar kwabo a ɗora a tsakiya, a rufe a kwana. Da safe sai a ga fili fes kewaye da kwabon, kamar inda aka ɗaure akuya a turke ta cinye ciyawar da igiyarta ta kai. A auna faɗin filin a rubuta a takarda a yi murna. Amma faranti ba balangu ba ne. Abinci na gaske yana da kitse da gishiri da lunguna, kitse kan shanye man kanumfari, gishiri da furotin kan kama azurfa su ɗaure ta. Kowane magani kuma da wanda yake iyawa: nisin na kayar da Listeriya, amma gaban Salmonela sai ya zama kyanwar da aka aika kamun shaho. Ledar da aka ƙunshe ruɓaɓɓen nama da ita kuwa, ko da zinariya aka yi ta, ruɓaɓɓe za a kwance.

Sannan abin da ya fita daga leda ya shiga abinci, ciki zai tafi. Tarayyar Turai ta kafa doka a 2011 cewa jimillar abin da roba za ta saki kada ya wuce miligiram 10 a kan fili kamar faɗin tafin hannu, kuma ana gwadawa da ruwan tsami da man girki da barasa a madadin abinci iri-iri. Kayan da aka niƙa suka kai ƙanƙantar da ake kira nano kuwa, sai an ba kowannensu izini na musamman. Dokar ta yi daidai, ko da yake tana sa abubuwa da yawa su tsufa a kan kantar ɗakin gwaji. Ruɓewar ma da ake alkawari da sauran magana. Ledar da ake yi daga sukarin masara ba ta narkewa don an yar da ita a bola, sai an kai ta wurin takin masana'anta mai zafin kusan digiri 60. Kuma wa ke cinye leda in ta ruɓe? Ƙwayoyin ƙasa ne, dangin waɗanda aka cusa mata maganin kashewa. An gayyaci baƙi walima an barbaɗa wa tuwon barkono.

Kayan haɗin dai da yawansu a ƙofar gidanmu suke. Nijeriya ta fi kowace ƙasa noman rogo. Ƙaron da Sudan da Cadi da Nijeriya ke fitarwa an gwada shi a Maleshiya, aka tsoma tumatir a ruwansa ya bushe a jikinsa, ya ƙara kwanaki kafin ya yi laushi. Dawa kuma tana da wani furotin da ba ya son ruwa, har ya fi na masara ƙin sa, masana a Jami'ar Firitoriya sun daɗe suna yin falle da shi suna shafa wa 'ya'yan itace. Amma mai awara da ke sayen ƙunshin farar leda da kuɗin da bai kai na faranti ɗaya ba, ba za ta ga wannan sabuwar a teburinta nan kusa ba. Za ta fara ne da kayan da ke iya biyan kuɗinta, cuku da kifi da naman da ake sa wa jirgi zuwa wata ƙasa. Masanan Firitoriya sun nuna har daga dusar dawa ana iya tatso furotin ɗin, wanda zai rage tsada ƙwarai, sai dai duk wanda ya je sayen dusa ana saura wata ɗaya babbar salla ya san masu kiwon raguna sun riga shi layi.